Shekarar da Na Ce Akwai Gajiya

Ku 'ya'yana, na jima ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku labarin garinmu, na rubuta yadda na koyi karatu a mishan da goyo a bayana, har labarin akuyar da ta cinye takardar baftismata na rubuta, duk don kada in iso nan. To ga shi na iso, tawada ba ta ƙare ba, ni ma ban mutu ba. Maganar Gwaggonku Tani ce, yayar babanku, da shekarar da na buɗe mata ƙofar gidan nan. Na san abin da ake faɗa: wai matar mai bishara ta kasa jiran Allah, ta kawo 'yar bori ta zaunar a kan mijinta. Abin da mutanen gari suka ce ya daɗe da daina hana ni cin tuwo. Amma kai Magaji, ɗana na fari, ka yarda da maganar, kuma tun daga ranar ba ka sake cin abincin hannuna ba. Kana aiko da magani, kana kira a waya, in ka zo Dogon Dutsi ka sauka gidan fasto, ka leƙo ni da rana kamar mai ziyarar asibiti. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, balle in zaunar da kai in gaya maka abin da ke raina. Haka aka rene mu, uwa ba ta haɗa ido da ɗan fari. Takarda ba ta da wannan kunyar, shi ya sa na ɗauko ta.

Babanku ba a cikin ikilisiya aka haife shi ba. Ƙauyensu yana gaba da Matankari, gidansu kuma gidan iskoki ne tun kaka da kakanni. Arzika suka sa masa, Iliya kuma sunan da ya ɗauka ranar baftisma. Da ya bi Yesu yana saurayi bai yi faɗa da kowa ba, tabarmarsa kawai ya naɗe ya fito. Bayan rasuwar uwarsu iskokin gidan suka koma kan Tani, ita ake nema in an buga goge da ƙwarya. Ita ce kuma ta goye shi yana jariri, don shekara tara ta ba shi. Fiye da shekara talatin ba ta taka cikin gidanmu ba, shi ma bai kwana a nasu ba. Amma duk kaka sai ga ƙullin daddawa ya iso ta hannun 'yan kasuwa, ba saƙo, ba gaisuwa. Babanku yakan juya ƙullin a hannu, ya shinshina, ya ce in sa a miya, ai daddawa ba ta da addini.

Aikinsa kun san shi. Ya hau tsohon kekensa ya bi ƙauyukan Tibiri har Geceme, inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura. Ba ya neman dandali, bakin rijiya yake zama, don nan ne kowa zai zo ko yana so ko ba ya so. Ranar da ya faɗi muna gona, lokacin noman farko. Yana gabana da hauya yana rera waƙar majami'a, sai na ji waƙar ta yanke. Muka ɗora shi a amalanken maƙwabci zuwa asibiti. Likita ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta buge shi, ɓarin dama ya shanye, magana kuma sai yadda Allah ya yi. Bayan sati uku na dawo gida da mutumin da ya yi shekaru yana cika bakin rijiya da murya, ba abin da ya rage a bakinsa sai amsar gaisuwa guda ɗaya. Ka ce, Malam za ka sha ruwa? Ya ce ba gajiya. Ka ce, ina ke maka ciwo? Ya ce ba gajiya. Ko ƙuda ne ya dame shi yana so a kore, abin da zai fito ke nan. Ni da nake kallon idonsa na san ba abin da yake nufi ke nan ba, don wani lokaci yana faɗa hawaye na bin kuncinsa. Harshen ne ya zubar da komai, ya riƙe abin da ya fi maimaitawa tun yana yaro.

Mutanen ikilisiya ba su gane haka ba, ni kuma ban gyara musu ba. Kowace Lahadi in an tashi sujada sai su cika tsakar gidan nan. Malam Barnaba, dattijon ikilisiya, mutumin kirki ne, sai dai yana son a ji muryarsa. Zai durƙusa bakin gado ya ɗaga murya kamar da kurma yake magana.

"Malam Iliya, ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Kun jiya? Shekara biyu shina kwance, amma ya ce ba gajiya! Wagga ita ta bangaskiya. Mu ga mu da ƙahwa biyu muna ta ƙorahi."

Sai a ce amin, a ɗauki waƙa. Daga nan su juyo kaina, Uwargida ina gajiya? To me zan ce? In shanyayye ya ce babu, mai ƙafa biyu ta ce me? Ko ba don haka ba ma, wa ya taɓa jin an amsa wannan gaisuwa da wani abu dabam? A ƙasarmu mutum zai sauko daga motar da ta lalace a hanya kwana biyu, ƙafa a kumbure, ka ce masa ina gajiya ya ce babu. Ba ƙarya ba ce a wurinmu, ladabi ne. Sai in yi murmushi in ce ba gajiya, su ce Allah ya ƙara haƙuri, su sha ruwan da na ɗebo, su tafi. Kada ku ce ina zaginsu. Sun nome mana gona, sun kawo hatsi da sabulu, matan zumunta sun yi mana addu'a har muryarsu ta dishe. Amma ba wanda ya taɓa sa hannu ya juya shi. Don me za su sa, tun da mai gado da mai jinya duk sun ce lafiya lau suke?

Jinyar shanyayye ba ta da labari, maimaici ce. Ka ɗaga, ka wanke, ka shafa, ka juya, ka ba shi kunu da ludayi rabi ya zube, ka wanke zanen, kafin ya bushe wani ya jiƙe. Babanku ba ƙaramin mutum ba ne, kun san kafaɗarsa. A shekara ta uku bayana ya riƙe, sai na dafa bango nake miƙewa. Gyambo ya fito masa a ƙugu don na kasa juya shi yadda likita ya ce. Kai Magaji kana koyarwa a lakwal, makarantar boko, can nesa, ke Rifkatu kina gidan mijinki da 'yan biyu a hannu. Kuna kira, kuna cewa Inna ina gajiya, ina cewa babu, kuna wucewa zuwa ina gida, ina ruwa, ina mutanen majami'a. Ba laifinku ba ne, ni na koya muku gaisuwar. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne addu'ata ta bushe. Ina durƙusawa, bakina yana motsi, amma ba na jin akwai mai saurare. Na riƙa tunanin Allah ma ya ji na ce ba gajiya, ya juya wajen masu bukata.

Akwai abin da na yi wanda ban taɓa faɗa ba, yau zan faɗa don shi ne asalin komai. Wata safiya a bazara na ji motsinsa, na san ya ɓata shimfiɗa. Ban tashi ba. Na zauna a madafa ina kallon toka tun fitowar rana har hantsi ya yi zafi, ba kuka nake ba, ba addu'a ba, zaune kawai. Da na shiga ɗakin ƙudaje sun rufe shi. Ya dube ni ya ce ba gajiya. Na daka masa tsawa.

"Yi mani shuru! Kai ka san mi a gajiya? Ni da kai wa ka gajiya gidan ga?"

Ya runtse ido kamar yaron da aka ɗaga wa hannu. Mutumin da bai taɓa ce mini ke da ƙarfi ba. Na wanke shi, na ɗauki bokiti na fita famfo, ba don ruwa ya ƙare ba, don in bar ganin fuskarsa. Ranar na ji tsoron kaina. Na san in aka ci gaba a haka, wata rana ba tsawa kaɗai zan yi ba.

Ranar kasuwa ce. Ina zaune bakin famfo, bokitin ya cika na kasa ɗagawa, sai na ga inuwa a kaina. Tani ce, da sandarta da ɗan ƙunshinta. Sau biyu kafin wannan ta zo ta tsaya ƙofar gida ta roƙi a ba ta shi ta kai gida, sau biyu na hana. Na san in ya je can za a buga masa goge, shi kuwa ba shi da bakin da zai ce a'a. Ka riƙe wannan, Magaji, ni ce na hana.

"Matar Arzika, ina wuni?"

"Lahiya lau, Yaya."

"Ina mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ina gajiya?"

Na buɗe baki in ba da amsar da na saba, sai wata ta fito.

"Akwai ta, Yaya."

"Mi kic ce?"

"Na ce akwai ta. Na gaji. Na gaji har ban san inda za ni aje kaina ba."

Cikin matan da ke layin ruwa wata ta kau da kai kamar zanena ne ya kwance. Tani ba ta ce sannu ba, ba ta ce Allah ya kawo sauƙi ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To. Yau dai na ji mutum ya yi magana garin ga." Ta miƙo mini sandarta, ta zare gammona, tsohuwar da ta girme ni da shekaru ta ɗora bokitin a kai ta wuce gaba, ni ina binta a baya. Da muka iso ƙofar gida ta tsaya daidai inda ta saba tsayawa, ruwa na ɗiga mata a wuya.

"In sauke maki nan, ko in shiga?"

Ban san tsawon lokacin da na bar ta tsaye da kaya a kai ba. A raina na ga fuskar Malam Barnaba, na ga taka Magaji, na ga shekarun da babanku ya yi yana nesanta kansa da abin da wannan matar ke ɗauke da shi. Sai kuma wani abu ya faɗo mini, wanda na ji daga bakin babanku ya fi sau ɗari har na daina jinsa. Wa'azinsa ne na bakin rijiya. Yakan ce wa masu jan guga, Ubangijinmu ma ya yi tafiya ya gaji, gajiya irin tamu ta ƙafa da maƙogwaro, ya zauna bakin rijiya da rana tsaka. Bai ɓoye ba, an ma rubuta a Littafi. Kuma da ƙishi ya kama shi bai jira mutanensa su dawo daga gari ba, ya roƙi ruwa a hannun matar da danginsa ba sa shan ruwa a ƙwaryar danginta. Kullum ina jin labarin ta wajen matar, yadda ta sami ceto. Ban taɓa jinsa ta wajen mai gajiyar ba sai ranar, da na ga ruwana a kan Tani. Na ce a raina, in shi bai ji kunyar cewa ya gaji ba, ni wace ce?

"Yaya, gidan ga na Yesu na. Ba goge, ba yanka, ba kiran sunan kowa bisa kanshi."

"Ke, kina tsammani iskokin tsummoki na, in kwance in aje ƙohwa? Suna nan inda suke. Amma ban kiran su gidanki, su ma ba son warin takardunku su kai ba. Ni don ƙanena niz zo. Sa'adda nig goye shi ba shi da addini, ko wando ba shi da."

Na matsa gefe ta shiga. Ta sauke ruwan, ta leƙa ɗakin, ta tsaya har idonta ya saba da duhu. Ta kira shi da sunan da ba wanda ya kira shi da shi a gidan nan, Arzika. Ya juyo da ido, ya ce ba gajiya.

"Tahi can, ƙarya ka kai. Ka gaji, ita ma ta gaji. Matsa in ga ƙugun."

Sai na ji wani sauti da na shekara uku ban ji ba. Babanku yana dariya da rabin baki. Ita ce mutum ta farko da ta ƙi karɓar amsar nan daga gare shi, kuma na ga yadda kafaɗarsa ta sauka. Ta nuna mini yadda ake zura zane ƙarƙashin mutum, ɗaya ta kama nan ɗaya can, a juya shi ba tare da an karya baya ba. Ta ce in je in kwanta. Na kwanta a rumfa da rana tsaka, ban farka ba sai da la'asar ta yi sanyi, na tarar ta daka, ta ɗora tukunya, tana yi wa kajina faɗa kamar nata ne.

Ba a yi sati biyu ba dattawa suka ce in tsaya bayan sujada. Suka zaunar da ni a benci na gaba, su huɗu da fasto, wanda a lokacin sabon zuwa ne, bai gama sanin mutane ba. Malam Barnaba ya fara da gaisuwa kamar yadda ya kamata.

"Uwargida, ina gajiya?"

"Akwai ta, Malam Barnaba."

Har ya kama ina gida, sai ya tsaya da baki buɗe. Ya dubi 'yan'uwansa, ya gyara hula, ya rasa ta inda zai ci gaba. Da ba don abin da ke gabana ba da na yi dariya.

"To... Allah shi sawwaƙe. Uwargida, mutumin da yat tsere ma iskoki tun shina saurayi, ki kawo mashi su har bakin gado? Mi za mu ce ma waɗanda yab bi ƙauye-ƙauye shina hwaɗa ma su bar wanga abu?"

"Ba iskoki nik kawo ba, yayatai ta. Amma na ji. Wa za shi zo gobe da sahe shi kama mani zane mu juya shi? In akwai cikinku, ko cikin matanku, yau ɗin ga ni sallame ta."

Ba wanda ya ɗaga kai. Can wani ya ce a hankali, "Ai ke kic ce ba ki gaji ba."

"Na ce. Ku ma shi kunka so ku ji."

Suka karɓe shugabancin matan zumunta daga hannuna, suka ce in dakata da cin jibin Ubangiji har sai ta bar gidan. Wannan na biyun ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Wata bakwai ina zaune a bencin baya ana wucewa da faranti ta gabana. Ban riƙe su a zuci ba, tsoronsu na gaskiya ne, wasunsu daga irin gidan su Tani suka fito, sun san abin da suka baro. Amma ku ji abin da ya biyo baya. Washegarin zaman dattawan da sassafe sai ga Saratu, tsohuwar gwauruwar nan ta bayan majami'a, da kwanon wanki a kai. Ta aje ta ce, "Ke ma da taurin kai. Da kin hwaɗi tun bara." Daga ranar duk Litinin da Alhamis tana nan. Ita da Tani su zauna gindin bishiyar bedi suna wanki suna gardama, wannan ta ce iskokinki ba su iya cire ko tabon kunu, waccan ta ce to kira mala'ikunki su matse zane. Ina jinsu daga ɗaki, a nan ne na lura bakina ya koma yin addu'a da kansa. Ba doguwa ba. Ubangiji na gaji, ka gani. Iyakarta ke nan, amma na san ana ji.

Yanzu na zo kanka, Magaji. Wani ya kira ka a waya, ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Ka iso da hantsi ba sanarwa. Ka tarar da kasko yana hayaƙi a ƙofar ɗaki, Tani na zaune ta ɗora ƙafar babanka a cinya tana shafawa tana waƙa. Ka yi ƙwallo da kaskon. Ka yi ta faɗa da Faransanci, harshen da ka san ba na ji, abin da na tsinta da Hausa kawai shi ne, "Inna, kin sai da shi." Na fito da tuwo da miyar kuka wadda kake so, ka dubi kwanon ka ce ba ka cin abin da aka dafa a tukunya ɗaya da ta matsafa. Kafin azahar ka koma tasha. To ga abin da ka gani. Hayaƙin nan ni na kunna shi, ganyen ɗoɗɗoya ne, don ƙudaje da sauro su bar gyambon. Abin da take shafawa man kaɗe ne da na saya a kasuwa. Waƙar kuma ta niƙa ce, wadda uwarsu ke yi a kan dutse suna ƙanana. Ba zan yi maka ƙarya ba, a gida irin nasu ko waƙar niƙa ba ta rasa sunan Doguwa, ɗaya daga iskokinsu, a wani baiti. Na ji shi tun ranar farko, na yi mata magana. Ta harare ni, ta ce na cika kunne. Amma daga ranar in ta iso wurin sai ta rufe baki ta wuce shi da gunji, kuma har ta bar gidan nan ban sake jin sunan ba. Da ka tsaya ka saurara da ka ji ramin da ke tsakiyar waƙar. Ni kuma da na bi ka tasha, da na faɗa maka. Kunya ta hana ni, na tsaya a ƙofa riƙe da kwano ina kallon bayanka.

Abin da ba ka gani ba ya faru ne da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Mun fito da shi gindin bedi da la'asar, gyambon ya rufe, ya ɗan yi kumari. Tani na daka, ni na ɗauko Littafinsa na buɗe wurin rijiyar nan ina karanta masa a hankali, da irin karatuna na mai bin layi da yatsa. Na ji hannunsa na hagu ya kama gefen zanena. Na ɗaga kai, na ga yana kokawa da bakinsa, jijiyar wuya ta tashi, gumi ya keto masa. Na ɗauka ruwa yake so. Ya girgiza kai, ya sake gwadawa.

"Ina... ina... gajiya?"

Taɓarya ta tsaya a hannun Tani. Shekara uku yana ba da amsa, ranar ya yi tambayar. Kuma bai wuce ba, ya tsare ni da ido yana jira. Na rufe Littafin.

"Akwai ta, Malam. Akwai ta ƙwarai. Amma yanzu da mai kama mani."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai sau biyu. Na so in roƙe shi gafarar safiyar nan ta bazara, na fara, ya matse zanen ya girgiza kai. Tani ta juya mana baya ta ci gaba da daka da ƙarfin da ya fi na hatsin da ke turmin. Bai sake faɗin wata sabuwar kalma ba har ya rasu, bayan an gama yankan gero. Ku da kuka zo jana'iza kun ga wata tsohuwa zaune a ƙasa a wajen majami'a, jikin taga, ba ta shiga ba kuma ba ta tafi ba. Washegarin addu'ar ta naɗe ƙunshinta. Ba ta tuba ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Na yi mata maganar Yesu sau da yawa, takan ce, "Wanga naku da ka gajiya, shi dai na ji shi," ta tsaya nan. Da ta rasu na hau mota na je gaisuwa ƙauyensu ni kaɗai. Sauran na bar wa wanda ya san abin da ban sani ba.

An mayar da ni teburin jibi, Malam Barnaba da kansa ya miƙo mini farantin. Shugabancin mata ban koma ba, ban kuma nema ba. Abin da na rasa wanda bai dawo ba kai ne. In aka ce in sake zaɓa a ƙofar nan, da ruwa na ɗiga a wuyan Tani, zan sake matsawa gefe. Amma ban taɓa cewa abin bai ci mini komai ba, duk ranar da na kaɗa miyar kuka sai na tuna.

Yanzu ni ce nake dafa bango daga ɗaki zuwa rumfa, ba da jimawa ba wani zai zura zane ƙarƙashina. Ba wannan nake roƙo ba, Rifkatu da matan zumunta sun riga sun raba kwanaki, don yanzu in an tambaye ni ina faɗa. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ran Lahadi in ka kira, za ka ce Inna ina kwana, ina jiki, ina gajiya. In ka iso nan kada ka wuce zuwa ina gida. Ka tsaya kamar yadda babanka ya tsaya, zan gaya maka. In na gama ni ma zan tambaye ka, don ina jin muryarka a wayar nan, na kuma san nauyin abin da ka ɗauka tun ranar da ka bar tuwon nan a hannuna. Kada ka ce mini babu, Magaji. Ni na haife ka, na san akwai ta.